Ranar da Saksofon Ya Bi Ƙafar Sarkin Noma

Ranaku da yawa sun shige mini a aikin nan, amma ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je wani ƙauye a bayan Gurbin Bore, ƙasar Zurmi, muka tayar da wani tsoho daga kan kujera. Ku da kuka shigo daga baya kun tarar Malam Mande ne ke zama a gaban mota, kuna zaton haka abin yake tun asali. To, ba haka ba ne. An yi lokacin da ko a bayan motar ba shi da wurin zama.

Bari in fara da yadda tsarinmu yake, saboda baƙin da ke cikinmu. Ƙungiyarmu ta badujala a nan Kaura Namoda tsofaffin sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta. Banmasta shi ne shugaba, kuma a lokacin Saje Garba ne, soja mai ritaya wanda ko atishawa zai yi sai ya ƙame. Ƙarƙashinsa akwai shugaban masu busa da shugaban masu ganga, sai mu 'yan wuta, wato masu kula da fiyano da sifiku da janareta. Idan an karɓi aiki, a yi atisaye Laraba da Alhamis, ranar Juma'a bayan la'asar Banmasta ya faɗi waɗanda za su shiga mota. Wanda bai ji sunansa ba, yana benci ke nan.

Ni Lawali, na shigo ne bayan na gama kwalejin kimiyya, da fiyano sabo fil. Fiyanon nan kuwa ba abin da babu a cikinsa: ganga, garaya, sarewa, har tafi. Rannan ina nuna wa mutane iyawa na danna wani maɓalli, sai ga muryar saksofon ta fito tar. Saje Garba ya juyo a hankali ya ce in sake. Na sake, ina jin daɗi. Ban san rami nake haƙa wa mutumin da ya fi kowa kyautata mini ba.

Malam Mande shi ne mai busa saksofon, wanda mutanen ƙauye ke kira algaitar Bature. Ya manyanta, siriri ne, kuma ba ya son hayaniya. Kafin ya yi busa sai ya sa rid a baki ya jiƙa shi, wato ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakin saksofon, wanda in ya bushe ba ya ba da murya. Saboda haka sau da yawa za ka gaishe shi ya amsa da ka kawai, kara a baki kamar mai asuwaki. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne son da yake yi wa jaz, wani salon kiɗan Amurka. Wani abokinsa na bariki ya cika masa waya da kiɗe-kiɗen rakiya, irin waɗanda ake kaɗa ganga da fiyano a bar wa mai busa gurbi ya cike da kansa. Kullum da safe yana tsohuwar rumfar tashar jirgi, ya jingina waya da ƙaramar sifika, ya ji jimla ya maimaita, ya ji ya maimaita, sannan ya sake ta ta wata hanya. Mu kuwa in mun jiyo sai mu ce akuyar Mande ta fara neman ɗanta.

Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala, tunda ba wanda ya taɓa gayyatar mu mu yi jaz a Shinkafi. Ya ciro kara daga baki ya ce, "Lawali, jaz hira ce. Ka saurari abin da mutum yac ce, ka maida mai, kana ka ƙara naka. Kai injinka magana shikai, ba shi saurare."

Na yi dariya na ce aƙalla injina ba ya tari.

Matsalar ita ce motarmu ƙarama ce, kuma fiyano da manyan sifiku biyu sun cinye layi guda. Da kaka ta yi, aiki ya yi yawa, sai Saje ya kira ni da Mande gefe. Bai yi kwana-kwana ba.

"Mande, ka ga halin da mota take ciki. Muryar da kaka yi, ga ta cikin akwatin yaron ga. Aikin Asabar mai zuwa da kai za a tahi, don mu yi sallama ta mutunci. Daga nan ka huta."

Mande ya ce, "To, Oga." Ya shafa akwatin saksofon ɗinsa ya fita. Wallahi ranar ko abinci bai yi mini daɗi ba, don shi ne ya kai ni wurin Saje tun farko, ya ce a gwada ni.

Aikin Asabar ɗin na Alhaji Maniru ne, wani mai sayar da hatsi a kasuwar Shinkafi. Mahaifinsa shi ne Sarkin Noman ƙauyensu, kuma a shekarar ne zai miƙa gonaki ga 'ya'yansa ya huta, shi ya sa suka shirya masa biki bayan an gama yankan dawa. Alhaji ya yi mana bayanin al'adar. Kowane babban manomi yana da takensa, wato ɗan kiɗa ko busa da aka san shi da shi. A irin wannan taro Sarkin Noma ba ya tashi sai an busa takensa. In ya ji, sai ya miƙe ya saɓa galmarsa ya taka har tsakiyar fili, ya miƙa ta ga babban ɗansa. In bai tashi ba, ba a miƙa komai ba. Wanda ya saba busa masa taken da sarewa ya rasu tuntuni, saboda haka Alhaji ya sa gwaggonsa, Inna Hurera, ƙanwar tsohon, ta rera shi da baki, ya ɗauka a waya ya turo mini.

Na zauna na yi aikina na gwaninta. Muryar Inna tana ja a nan, tana tsayawa a can, wani wuri kamar ta yi tuntuɓe. Na ce tsufa ne. Na miƙar da shi sumul, na ɗora shi a kan ganga mai tafiya daidai kamar agogo, na sa muryar saksofon a sama. A wurin atisaye Saje ya ce ko a bariki sai haka. Mande yana gefe yana goge maɓallansa, ya dai roƙe ni in tura masa muryar Inna yadda take, ba gyara.

Ranar Asabar muka yi sammako, don ƙa'idarmu a wannan hanya ita ce a je da wuri a dawo da rana tsaka. Mande ya yi tafiyar a takure a can baya, akwatinsa bisa cinya. Mun isa da hantsi muka tarar fili ya cika, an jera dammunan gero da dawa kamar katanga, mata na ta girki a bayan danni. Sarkin Noma na zaune ƙarƙashin wata tsamiya nesa da rumfarmu, galma a jingine a gefensa. Tsoho ne ƙaƙƙarfa, fuska ba wasa. Muka buɗe da maci, aka yi addu'a, aka yi jawabai. Sai sanƙira ya yi shela cewa lokaci ya yi, Saje ya ɗaga mini sanda.

Na saki take. Sifiku suka ɗauka, yara suka hau rawa, ni kaina ina rausaya kai. Tsoho ko gezau. Na kai ƙarshe na sake dawowa, na ƙara murya. Ya ciro goro ya ɓantara. A zagaye na uku yara ma suka daina rawa, fili ya yi tsit sai ƙarar janareta. Alhaji Maniru ya ruga ya durƙusa gaban mahaifinsa, muna jiyo su.

"Baba, takenka ne fa aka busawa."

"Wanga? Wanga ba nawa ba ne. Na wani mai sauri ne. Ku bari shi taso shi amsa."

Jama'a suka tuntsire da dariya, ni kuwa na ji kamar in shige cikin sifika. Alhaji ya dawo rumfarmu gumi na zuba, ya ce, "Saje, ku yi mani rai. Mutane sun zaka tun daga Shinkafi. In Baba bai tashi ba na shiga uku." Saje ya dube ni, na dubi fiyano. Babu maɓallin da zai fid da mu.

Sai muka ga wata 'yar tsohuwa ta ratso fili da sanda, tana faɗa tun daga nesa. Inna Hurera ce. Ta tsaya gabana ta ce, "Kai ne kab ɓata mani waƙa? Ɗan nan, wa yag gaya maka mai take ka bin busa? Busa ka bin mai take! Kuma wa ka kiran babba daga nesa kamar mai kiran awaki? Mabushi zuwa shikai har bayan kunnenai."

Nan ne na gane. Wurin da na ce Inna ta yi tuntuɓe, ba tuntuɓe ba ne. Ashe, kamar yadda na ji daga baya, yayanta yana ɗingisa ƙafar hagu tun yana saurayi, kuma a kan tafiyarsa aka gina taken. Ni kuwa na gyara masa ƙafa ba tare da ya roƙe ni ba. Ga shi kuma fiyano a ɗaure da wayar janareta, ko taku ɗaya ba zai yi ba.

Ban ankara ba sai na ga Mande a tsaye, saksofon rataye a wuya, kara a baki. Ya ciro shi ya ɗaura, ya ce, "Oga, a ba ni izini." Saje ya ce, "An ba ka." Na yi wuf na ɗauko ƙaramin makirfo marar waya na maƙala masa a bakin ƙahon, na kashe gangar inji gaba ɗaya. Mande ya sunkuya ya ce, "Inna, ki rera mani sau guda." Ta rera, ya maida mata da busa. Ta ce, "A'a, ja nan wurin." Ya ja. Ta rera, ya maida. Abin nan dai da muke yi wa dariya kowace safiya a tashar jirgi, shi ne yake yi a gaban ɗaruruwan mutane, sai dai yau tsohuwa ce a madadin waya. Can sai Inna ta rangaɗa guɗa.

Mande ya ratsa fili a hankali har gindin tsamiya. Ya zagaya bayan kujerar tsohon, ya rusuna, ya busa a hankali kamar mai raɗa. Goron da ke hannun Sarkin Noma ya faɗi. Muka ga babban yatsan ƙafarsa ya motsa. Ya juya ya dubi Mande, ya dubi ƙahon, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe ya saɓa galma. Wayyo, ku zo ku ji ihu! Tsoho ya jefa ƙafar dama, Mande ya ba shi gajeren sauti. Ya jawo ta hagu, Mande ya ja dogo har sai da ta sauka. Idonsa na kan ƙafafun nan, bai ɗaga ba. Da tsoho ya ga haka sai tsokana ta motsa: ya tsaya cak, busa ta tsaya. Ya yi taku biyu da sauri, busa ta bi shi. Ya yi juyi da galma a sama, Mande ya saki wata ƙawa irin ta jaz wadda sarewa ba ta taɓa yi ba, tsoho ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, wanga ya san ni!"

Ni ma na samu abin yi. Na riƙe sauti mai kauri can ƙasa, ina canzawa duk sa'ad da Mande ya canza, masu ganga kuma suka shigo suna bin ƙafar tsohon. Ranar ce na fara kaɗa fiyano da kunne. Da Sarkin Noma ya kai tsakiyar fili ya miƙa galma ga babban ɗansa, na ga Alhaji Maniru yana share hawaye da hannun riga, ni ma ban tsira ba.

Da aka natsa, tsoho ya sa aka kira shugabanmu. Saje ya je ya ƙame. Sarkin Noma ya nuna Mande ya ce, "Daga yau wanga shi ne mabushina. Duk sha'anin gidan ga, suna ko aure, in ba da shi za ku zo ba, ku yi zamanku." Ya sa aka kawo damin gero mafi girma aka ajiye gaban Mande, don haka ake yi wa mabushi.

Saje ya ce, "Ranka shi daɗe, ai ba mu zuwa ko'ina ba da shi ba." Ya faɗe ta ko ƙifta ido bai yi ba, kamar ba shi ne ya sallami mutum a makon ba.

Wurin lodi ne aka yi ta. Motar da aka ce ba ta da wurin mutum ɗaya, yanzu ga mutumin ga dami. Saje ya zagaya ta yana ƙwafa, ya sa aka ɗaure sifika guda a bisa rufi, aka tura dami a gurbinta. Sannan ya buɗe ƙofar gaba, wurin da ba wanda ya taɓa zama sai shi, ya ce, "Mande, shiga." Shi kuwa ya matsu a baya kusa da ni, babbar ganga bisa cinyarsa. Da muka wuce Zurmi sai ya yi mini magana, bai ko dube ni ba.

"Lawali, maɓallin nan na saksofon. Kada in sake jin shi."

Na ce, "An gama, Oga." Mande ya waiwayo daga gaba, sabon kara a baki, ya ɗaga mini gira.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kayan aiki suna da daɗi, kuma ina son fiyanona har gobe, amma mutanen da muke yi wa kiɗa ba agogo ba ne. Kowa da tafiyarsa, kuma mai kiɗan kirki shi ne wanda ya ga ɗingishin mutum ya mayar masa da shi abin alfahari. Shi ya sa duk sabon da ya zo muke tura shi rumfar tashar jirgi da safe, Malam Mande ya kunna masa waya, wani lokaci ma ya yi ta kai da kawowa a gabansa yana cewa a busa masa tafiyarsa. In kuma kun lura da farin salatif da ke manne a kan maɓalli guda na fiyanona, to Saje Garba ne ya manna shi da hannunsa, kuma ban taɓa ɓamɓare shi ba.