Malam Birki da Kamfanin Kusoshin Jirgi

Malam Birki mai koyar da tuƙi ne, kuma ɗalibansa ne suka laƙaba masa wannan suna har ya danne na asali. A motar koyo akwai birki biyu, ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gaban malami, to shi ƙafarsa ba ta rabuwa da nasa. Kyanwa ta leƙo daga nesa, ya taka. Mai keke ya waiga, ya taka. Matarsa kan ce ko a falo yake zaune, in jika ya gilma da gudu sai ka ga ƙafarsa ta danna ƙasa. Ya haura sittin bai taɓa ƙwarzanar motar kowa ba, bai taɓa hawa jirgin sama ba, kuma ya sha faɗa cewa ba shi da niyya.

Motoci biyu gare shi, da ɗan ofis mai benci ɗaya a bayan gidan mai, inda allon alamomin hanya ya koɗe saboda rana. Da su ya ci da gida, ya yi wa 'ya'yansa karatu. Shirinsa ya ɗan ƙara lokaci kaɗan ya ajiye makulli ya huta.

Sai mijin yayarsa ya rasu. Wurin aikin marigayin suka biya haƙƙinsa a dunƙule, Yaya kuwa ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ita ce ta goyi Birki yana jariri, har yau Auta take ce masa, furfurarsa ba ta dame ta ba. 'Ya ɗaya ta rage a gabanta, wadda ta fara makarantar jinya, tun ba ta iya riƙe allura ba gida ya koma kiranta Nas.

Yaya ta ce, "Auta, kai ne mai tsoron Allah da tsoron komai. Ka riƙe mana wannan, karatun yarinyar nan da tsufana duk suna ciki."

Ya so ya ƙi, bakinsa ya kasa. Ya kai banki ya ajiye, ya ce a nan dai ba mai taɓawa. Amma kasuwa ta shiga tashi. Duk zuwan da zai yi shan mai sai ya ga farashi ya ƙaru, kuɗin makarantar Nas ma aka ƙara. Ya gane cewa amanar tana zagwanyewa a inda take kwance ba tare da kowa ya sa mata hannu ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Akwai wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aiki a ofishin dillalan hannun jari. 'Yar Ribas yake ce mata, don sai da ta kusa cinye masa haƙuri kafin ta iya komawa da baya. Ya same ta a hawa na uku, ya bi matakala saboda bai yarda da na'urar hawa ba. Ta ba shi ruwa, ta saurare shi, sannan ta jera masa kamfanoni. Ɗaya ne ya ja hankalinsa, mai ƙera ƙananan ƙarafa: kusoshi, boris, bawul da zobban toshe yoyo. Rabin kayansu na jiragen sama ne, sauran na famfunan ruwa da injinan masana'antu.

"Jirgi kuma?" Ya ja kujerarsa baya. "Abin da ko shiga ba na yi?"

"Malam, ba tuƙa shi za ka yi ba," in ji ta tana dariya. "Ka ga, in masu ƙera jirgi suka amince da kusar wani kamfani, ba sa sauya ta da wasa, don sai an sake gwaji mai tsawo. Muddin jirgin yana tashi, wurinsu za a riƙa sayen gyara."

"To ina cikas ɗin? Komai yana da cikas."

Ta daina dariya. Ta ce manyan masu sayen kayan jirgin biyu ne kacal, in ɗaya ya juya baya kamfanin zai ji a jikinsa. Ta ce sun ci bashi sun gina sabon sashe. Ta ce farashi yana hawa yana sauka, kuma ita ba za ta rantse masa a kan gobe ba. Shawararta kada ya zuba duka wuri ɗaya.

Ya tafi da rahoton shekara na kamfanin, littafi mai ƙyalli da nauyi. Tsakanin darasi da darasi yana zaune a benci da tabarau a karan hanci, yana bi da yatsa. Abin da bai gane ba ya kira ta, har ta fara amsa waya da "Malam, wane shafi kuma?" Ya tambaya ko suna biyan ribar shekara a kan kari, ta ce sun daɗe ba su fasa ba. Ya tambaya ko odar da ke hannunsu za ta kai su nesa, ta ce ta shekaru ce. Duk da haka ya ce sai ya gani da idonsa.

Ranar da kamfanin ya buɗe ƙofa ga masu son zuba jari, ya bi ayari. Ya zaci zai tarar da hayaƙi da baƙin mai kamar gareji. Sai ga wuri fes kamar asibiti, ma'aikata da huluna da safar hannu, injina a cikin akwatunan gilashi suna sassaƙa ƙarfe ruwa yana zuba a kai. Mai yi musu jagora ya ɗora masa wani zobe a tafin hannu, bai fi murfin kwalba ba, ya ce wannan a cikin injin jirgi yake zama, inda zafi zai iya narka tukunya.

Birki ya jujjuya shi. Ba nauyi ko kaɗan. Ya tuna mutane cike da jirgi, da jarirai, da masu barci, duk a saman gajimare, kuma wai wannan ɗan abu yana cikin masu riƙe da su. Ya mayar da zoben da hannu biyu.

Amma tsaftar wurin ta kwantar masa da hankali, ya ga yadda ake auna kowane ƙarfe kafin a sa a kwali. Ya koma wurin 'Yar Ribas ya ce a saya. Ta ce kashi ɗaya cikin uku ya isa. Shi kuwa, mutumin da bai taɓa wuce ƙa'idar gudu ba, ya ce a sa fiye da rabi, don ya gaji da kallon kuɗin suna ƙanƙancewa a banki. Ta dube shi, ta sake tambaya, ya ce ya ji ya gani.

Shekarar farko lafiya lau. Riba ta shigo, aka biya makarantar Nas ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Yaya ta shiga faɗa wa maƙwabta cewa Autanta yana da hannu a jirgin sama, ana ta tsokanarsa yaushe zai ɗauke su yawo.

Wata rana da hantsi yana koya wa wata mai shagon ɗinki shiga shataletale, rediyo yana ƙasa-ƙasa, sai ya ji an ce injin wani jirgin fasinja ya kama wuta bayan tashi. Matuƙin ya yi ƙoƙari ya dawo da shi, amma saukar ta yi muni, an rasa rayuka. Ya yi salati, ya yi musu addu'a, suka ci gaba. Washegari a daidai wannan lokaci mai labarai ya ce masu bincike suna zargin wani ƙaramin zobe a cikin injin, ya kuma ambaci kamfanin da ya ƙera shi.

Birki ya taka birki a tsakiyar titi. Motocin baya suka ɗauki oda, ɗalibar ta ce, "Malam, me na yi?" Da ƙyar ya ce ta gangara gefe.

A ofishin dillalai ya tarar da mutane tsaye cirko-cirko a gaban allo, sunan kamfanin ya yi ja. Yana kallo lambar ta ragu, ta sake raguwa. 'Yar Ribas ta ja shi gefe.

"In sayar?" ya tambaye ta.

"Malam, in ka sayar yau, asarar ta tabbata. In ka bari, tana iya ƙaruwa, tana iya raguwa. Bincike bai ce komai ba tukuna."

"Ke me kika gani?"

"Wallahi ban sani ba. Duk wanda ya ce maka ya sani a ɗakin nan ƙarya yake yi."

Ya sauko matakala yana dafa bango. Tsoro biyu suka haɗe masa. Ɗaya na amanar Yaya. Ɗayan kuwa bai san wa zai faɗa wa ba: hotunan mamatan da ake nunawa a talabijin, har da wata mata da ɗanta a cinya. Ya riƙa tambayar kansa ko ribar da aka biya makarantar Nas da ita daga irin wannan zobe ta fito. Abinci ya daina wuce masa. In jirgi ya gifta ta saman ofis sai ya bi shi da ido har ya ɓace, yana jiran ya ji ƙara.

Ya yi ta zagaye layin su Yaya a mota ba ya tsayawa. Daga ƙarshe matarsa ta ce in bai je ba ita za ta je, gara ta ji daga bakinsa. Ya same ta da la'asar tana ninke wanki a tsakar gida. Ya durƙusa kamar yaro ya faɗa mata komai, har da shawarar da aka ba shi ya tsallake.

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta ci gaba da ninke zanen da ke hannunta, ta warware, ta sake ninkewa.

"Nawa ya rage?"

"Abin da aka sa ya kusa rabewa biyu, Yaya. Kuma yana sauka."

"Na ba ka ne don kai matsoraci ne," ta ce a hankali. "Da jarumi nake nema, ai suna da yawa a dangi. Ashe jarumtarka ajiye ta ka yi sai a kan gumin mijina."

Ta kwashi wankin ta shige ɗaki, ta saki labule. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe.

Watanni suka shuɗe ba ta ɗaga wayarsa. Kamfanin ya dakatar da biyan riba, ya janye kayan da ya riga ya sayar don a sake dubawa, aka fara maganar kotu. Lokacin biyan makarantar Nas ya zo. Birki ya ƙi yarda a sayar da hannun jarin a wulaƙance, ya ƙi taɓa ragowar banki, sai ya sayar da sabuwar motarsa ya biya. Ya koma aiki da tsohuwar, mai tari da safe. Maganar ajiye makulli ta bi ruwa. Nas ce ta gane, ta zo ofis ta zauna a benci tana share hawaye.

"Kawu, da ka bari na ɗage shekara ɗaya."

"Ke yi mini shiru. Karatu ba ya son ribas."

Ta ɗaura masa abin awon jini, ta ga lambar, ta ce ko ya fara shan magani ko ta kai ƙararsa wurin mahaifiyarta ko da ba sa magana. Ya fara sha.

Da rahoton bincike ya fito, bai wanke kamfanin ba. Zoben nasu ne ya tsage. Wani rukuni ne da ba a gasa ƙarfensa yadda ya kamata ba, kuma masu dubawa suka bari ya wuce. Aka kori manya, aka yanke diyya mai nauyi, ɗaya daga cikin manyan masu sayen ya rage oda. Birki ya saddaƙar an gama. Amma garuruwa ba su daina sayen famfo ba, masana'antu ba su daina neman boris ba, wannan ɓangaren ya riƙe kamfanin bai kife ba. Farashin ya tsaya da faɗuwa, ya fara rarrafowa, ko da yake bai koma inda ya saya ba.

A taron masu hannun jari na shekarar ya sa rigarsa mafi kyau ya zauna can baya. Masu tambaya duk a kan riba suke. Ya ɗaga hannu, aka miƙo masa lasifika.

"Ni tambayata, iyalan waɗanda suka rasu, kuɗinsu ya shiga hannunsu, ko har yanzu a takarda yake?"

Sabon shugaban ya ce an biya mafi yawa, saura suna gaban kotu. Birki ya ce, "To a gama da su kafin a waiwaye mu." Wani a gabansa ya yi tsaki. Ya zauna yana haki kamar ya yi tsere.

Nas ce ta kai wa mahaifiyarta labarin motar da na taron. Bayan kwanaki Yaya ta aiko a kira shi. Ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta rame ita ma. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Dubi wuyanka kamar na zakara. Ba a ba ka abinci ne?"

"Ana ba ni, Yaya."

Ya ce ya zo da shawara: a sayar da komai yanzu, abin da ya yi giɓi zai riƙa cikawa daga aikinsa har ya biya. Ta ce ba ta haifi mai biyanta ba, balle ƙanenta. Ta ce a sayar da rabi a mayar inda hankali zai kwanta, rabin a bar shi a gani. Kuma daga yau duk takardar da kamfanin ya aiko a kawo nan, Nas ta karanta musu su uku, kowa ya ji da kunnensa.

"In ya sake faɗuwa fa?" ya tambaya.

"Sai mu ji tsoron tare. Shigo, Auta, ka tsaya mini a ƙofa kamar mai karɓar kuɗin wuta."

Ya cire takalmi ya shiga.