Ƙafar Baballe da Curin Mazarƙwaila

Shekara talatin da ɗoriya Baballe ya yi yana dashen shinkafa a ƙasar Kura, har abokan wasansa suna cewa in aka matse ƙafarsa ruwan kanal ne zai fito, ba jini ba. Gajere ne, maganarsa ma gajera. Amma in ya sunkuya da damin iri a hannun hagu, layinsa miƙewa yake kamar an ja igiya. Bayan aiki kuma sai shayi, irin mai kaurin nan da cokali zai tsaya a ciki ya yi sallama.

Daminar bara guntun kara ya soke shi a tafin ƙafa. Ƙaramin abu, amma mako uku ya ƙi kamewa. A asibiti aka auna jininsa aka ce ciwon siga ne. Ma'aikaciyar ta ba shi magani, ta ce ba shi ba shiga ruwa sai ciwon ya rufe, ciwon kuwa ba zai rufe ba sai ya bar siga, ya rage shinkafa. A hana mutumin Kura shinkafa! Ai gara a hana kifi wanka.

Iri kuwa yana can yana tsawo, kuma iri ba ya jiran mai jinya. Kullum da hantsi Baballe yakan dogara sanda zuwa bakin kanal, ya miƙe ƙafar a inuwar bishiyar maina. Ruwa na wucewa a hankali ɗauke da gajimare a bayansa. Wani lokaci ya lumshe ido ya ga kansa tsakiyar gona, tana ta faɗi har ta haɗe da sama, shi kaɗai yana dasa kore a cikin shuɗi. Sai ƙuda ya sauka a kan bandeji, ya dawo duniya.

Ranar kasuwa ya ce wa matarsa Saude shi zai yi cefane da kansa, tunda cikinsa ake wa doka. Ya nufi rumfar Sabina, wata 'yar Filato mai sayar da acca da wake, wadda kowa ke kira Maman Emma. Da ya faɗa mata ciwonsa, ta auna masa acca, ta ƙara wake, ta ce ya bi ta wajen masu zogale da yalo, ya kuma kau da kai daga kwalaben lemo ko da suna kiran sunansa. Ya faɗa mata da alfahari cewa mako biyu ke nan bai taɓa siga ba, amma ƙafar ta ƙi jin magana.

Da ta buɗe buhunsa za ta zuba awo, sai ga curin mazarƙwaila kamar kan jariri, an ɗan gutsure gefe.

Baballe bai ji kunya ba, don a ganinsa bai karya doka ba. Ya yi mata bayani dalla-dalla: farin siga na kamfani aka hana shi. Wannan kuwa ruwan rake ne tsantsa, ya san gonar, ya san mai dafawa, har sunan ɗansa ya je. Da ita yake shan shayi safe da yamma.

Sabina ta yi dariya har ta dafa mudu.

"Baba, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Wancan ya je birni ya yi fari, wannan ya zauna a ƙauye, shi ke nan."

Ya tambayi zuma, ta ce kawunsu ne. Ya tambayi dabino, ta ce ɗan ɗakinsu ne, sai dai a gaisa daga nesa. Ta ce mahaifiyarta ta yi wannan ciwo, da yatsun ƙafa tara aka binne ta.

Baballe ya miƙa hannu. Ya ɗauki curin ya kai hanci. Ƙanshin ya mayar da shi bayan keken babansa, suna dawowa daga kasuwar Bunkure, yana tsotsar ɗan guntu a hankali don kada ya ƙare kafin gida. Ya daɗe a can. Sannan ya ajiye curin a gefen farantinta.

"Maman Emma, ki ba wanda jininsa ke da sauran wuri."

Iri dai bai jira ba. Ɗansa Usaini ya ɗebo 'yan ƙwadago suka dasa, layi ya fito kamar sawun maciji. Baballe na kallo daga bakin kanal, yana kurɓar shayin da ya ce ko akuya aka ba sai ta kai ƙara. Ya ci faten acca har Saude ta fara cewa ya koma ɗan Jos.

Ciwon bai rufe ba sai bayan girbi. Da noman rani ya zo, aka ba shi izinin shiga ruwa, da sharaɗin dogon takalmin roba. Ya shiga. Taku na huɗu laka ta riƙe takalmin, ƙafar ta zare ta bar shi a baya. Baballe ya tsaya a ƙafa ɗaya tsakiyar gona, damin iri a hannu, ya ƙi sauke ɗayar ko da wasa. A hankali ya kira Usaini ya zo ya ciro masa, ya ce kuma ba sai ya yi sauri ba.