Ranar Da Na Yi Fagamniya A Yashin Zango

A lokacin ni makaɗin kalangu ne a Daura, mai bakin tsiya, wanda karatunsa bai wuce ƙananan surori ba. Da Shari'a ta zo, bukukuwa suka yi sanyi, na rataye kalangu, sai bakin ya rage mini. Da shi na riƙa cika wa majalisa kunne cewa na iya babur, alhali sau ɗaya na taɓa zagaya fili da shi, mai shi yana riƙe da baya.

Ran nan aka aiko cewa jikin mahaifiyar matata ya tsananta a wani ƙauye gaba da Zango, tana kiran sunanta. A shekarun an fara ƙyamar mace ta hau bayan ɗan acaɓa, don haka matata ta ce za ta bi motar kasuwa da sassafe. Na ce ina, mai miji direba ba ta matsuwa da buhunan gero. Na aro babur ɗin maƙwabci. A kan kwalta Allah ya rufa asiri, ina ta girgiɗi tana riƙe da rigata. Da muka sauka cikin busasshen rafi sai yashi ya kama taya. Na murɗa, ya tona rami. Na tura, ya kwanta. Na ɗaga shi, ya kayar da ni, hula gabas takalmi yamma.

Ta zauna gindin gawo tana neman sunan abin da nake yi. Na ce kokawa ce, ta ce kokawa da ƙa'ida. Na ce fafutuka, ta ce mai fafutuka yana gaba. Ta gwada shure-shure, ta ce wannan na kazar da aka yanka ne, ita kuwa kaza ba ta cika baki ba. Ƙarshe ta tsaya a kan fagamniya, irin ta wanda ya faɗa ruwa, ta ce ni ne na farko da ya nutse a rafin da babu ruwa. Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na yi. Wallahi na ɗan lokaci mun manta inda za mu.

Sai bayan la'asar wani mai amalanke ya kai mu. A bakin gari muka gamu da maza suna dawowa daga maƙabarta. Aka ce har azahar tsohuwar tana tambaya ko motar kasuwa ta iso. Motar kuwa ta iso tun hantsi.

Har matata ta koma ga Allah ba ta taɓa goranta mini ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Amma duk barkwancina ban ƙara jin irin waccan dariyar ba, kuma ita nake kewa, da kunyata da komai.

Jama'a, cewa ban iya ba ba ta kashe namiji. In za ka yi fagamniyarka, yi ta kai kaɗai, kada ka goya wanda ake jira.