Ranar da Na Amsa Sannu a Cheras

Shekara biyu na yi a Cheras, wata unguwa a Kuala Lumpur, ina nuna ba na jin Hausa. In na haɗu da Bahaushe a lif ko a shagon da ke ƙasan benenmu, sai in gaishe shi da Turanci, in ya tambaya in ce daga can kudancin Afirka nake. Ba wanda ya taɓa tsananta bincike, don mutanenmu in suka ji kai ba nasu ba ne, murmushi za su yi maka su wuce. Nasu kuwa ba sa sakinsa sai sun ji unguwarsu da sunan ubansa da layin da uban yake zama a kasuwa. Waɗannan tambayoyin nake gudu.

A Kano aka haife ni, aka yanka rago aka raɗa min sunan namiji. Tun kafin in iya karatu na san sunan da jikin ba su dace da wadda ke cikinsu ba. Na sha duka a kan tafiyata, na sha duka a kan yadda nake zama, yaran layinmu kuma suka laƙaba min ɗan daudu tun ban san ma'anarsa ba. Da na yi wayo sai na koyi buɗa kafaɗa da kaurara murya, har Abba ya yarda na shiryu, ya biya min kuɗin karatu a wata kwaleji mai zaman kanta a Kuala Lumpur. Da farko a Titiwangsa na zauna da samari 'yan garinmu, masu yini suna musu a kan ƙwallo da barin kwanuka a jiƙe. A wani shagon gyaran gashi a Bukit Bintang na fara ganin mata irina, suna aiki, suna dariya, suna faɗa da masu ciniki kamar kowa. Ɗaya daga cikinsu ta kai ni wurin likita, na fara shan ƙwayoyin da ke sauya jiki. Abin a hankali ya zo: fata ta yi laushi, fuska ta cika, ƙirji ya fara tasowa yana ciwo. Ranar da wani direban tasi ya kira ni kakak, wato yaya mace, sai da na nemi wuri na zauna don daɗi. Cikin watan na kwashe kayana na koma Cheras, na daina ɗaga wayar samarin nan, suka yi fushi suka ce na yi girman kai, ni kuwa na gode Allah.

Umma kaɗai ban yanke ba. Duk Juma'a takan kira, in gyara zama in janyo tsohuwar muryata daga ƙasan maƙogwaro, in ce mata karatu lafiya lau. Ba ta saba da kiran da ake ganin fuska ba, ni kuma ban yi gigin koya mata ba.

Gab da a sa dokar kullen korona ne aka kama gidan da ke jikin nawa. Wani malamin jami'a ne daga Kano da gwamnati ta turo neman digiri na uku, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama. Bangon tsakaninmu kamar kwali yake. Ina jin matar tana yi masa faɗa a kan ya sake sayo wani ganye ya ce alayyahu ne, ina jinsa yana kare kansa da dogon Turanci, ni kuwa in cusa bakina a matashin kai don kada dariyata ta tsallaka. In ta sa daddawa a miya, ƙamshin ya biyo ta baranda ya same ni, sai in ji kamar in buga mata ƙofa da kwanona. A fili kuwa gaisuwarmu ba ta wuce kalma biyu ta Turanci. Shi malamin ko fuskata bai taɓa kalla ba, kansa a ƙasa yake wucewa.

Da kullen ya kankama kowa tsoron cutar yake, ni tsorona ya fi nasu yawa. An kafa shingaye a manyan tituna, 'yan sanda da sojoji suna duba takardu, fasfona kuwa hoton wani saurayi ne mai askin kwal kwabo. Ƙwayoyina suka ƙare, likitan yana can bayan shingaye, ban isa in je ba. Gashin haɓata ya fara dawowa, na riƙa tsige shi a gaban madubi ina zagin kowane sili. Ina jin a duk birnin ba wanda ya yi murna da takunkumi kamar ni. Sannan ga hotunan da ke yawo a waya, na benayen 'yan ƙasashen waje da aka zagaye da waya mai ƙaya, an fito da mutane an jera su, maza nan mata can. Ni a wane layi za a sa ni? Kuma ni Musulma ce, na san akwai jami'an addini da ke kama irinmu. Duk jiniyar da ta wuce sai in zaci ni aka zo ɗauka.

A haka zazzaɓi ya kama ni. Na ce mura ce, na sha fanadol, na dafa citta da lemon tsami. Da na daina jin ƙamshin daddawar maƙwabciya, alhali ina jin ƙarar tukunyarta, na san ko mene ne. Na yanke wa kaina cewa ba zan je asibiti ba ko da me zai faru. Tari kuwa ba ya ɓoyuwa a gida irin namu.

Wata safiya na ji an ƙwanƙwasa. Na ja jiki na je bayan ƙofa na jingina, ban buɗe ba. Maƙwabciyar ce, ta ce da Turanci ta ajiye min abin sha a bakin ƙofa, in ɗauka in ta tafi. Zan yi godiya tari ya turnuƙe ni, irin wanda yake durƙusar da mutum. Ta tsaya har ya lafa. Sai na ji ta ce a hankali, ba don in fahimta ba, don dai bakinta ya saba:

"Wayyo, sannu baiwar Allah. Sannu kin ji."

"Yauwa," na ce.

Fitowa ya yi kawai, kamar yadda ya saba fitowa tun ina ƙarama in Umma ta dafa goshina. Na rufe bakina da hannu, amma aikin gama ya gama. Na ji ta matso jikin ƙofar.

"Ke. Bahaushiya ce ke?"

Kafin in nemo ƙaryar da zan yi, ta ci gaba.

"Wato duk tijarar da nake yi wa malam a kunnenki nake yi? Kai, amma ke muguwa ce. 'Yar ina ce?"

Na ce Kano, don kaina ba zai iya ƙirƙiro wani gari ba a lokacin. Ta ce wace unguwa, sai Allah ya taimake ni da wani tarin, na ja shi ya fi tsawonsa. Ta ce in bar shi, in na warke ma yi zancen, ai yanzu ta kama ni. Da ta tafi na jawo kwanon, kunun gyaɗa ne da zafinsa. Ban ji ɗanɗanonsa ba ko kaɗan, na shanye shi ina kuka, rabi daɗi rabi fargaba.

Daga ranar ta mai da ni ƙanwarta. Safe da yamma tana ajiye abinci, ta tsaya daga nesa tana ba ni labarin gida ta jikin ƙofa, tana tsokanata wai 'yar Kano ta zama Baturiyar dole. Kowace hira kuma sai ta ɗan saƙo tambaya: gidan su wa, wace makaranta na yi, iyayena sun san ba ni da lafiya? Ba da mugunta take yi ba, haka muke, so take ta gano inda muka haɗa dangi don ta ƙara riƙe ni. Ni kuwa kowace tambaya ji nake kamar ana zare min zani a kasuwa. Ina son muryarta, ina kuma addu'ar ta gaji ta daina zuwa.

Ranar da numfashina ya fara gagara, ta kira ni ban iya amsawa da kyau ba. Ta ce in ban buɗe ba za ta sa a ɓalle ƙofar. Na rarrafa na buɗe. Ta shigo da takunkumi biyu a fuska, ta kalle ni sau ɗaya ta ce wa malam ya kira motar asibiti. Na riƙe bakin hijabinta ina roƙonta ta bar ni a nan, ta ce ba za ta zauna ta ji ina mutuwa ta bango ba. Da ma'aikatan suka iso cikin fararen kayan nan masu rufe mutum ruf, suka nemi fasfo. Ita ta ɗauko shi a jakata. Ina kallo ta buɗe don ta tabbatar shi ne, ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton. Leɓɓanta na motsi a bayan takunkumi, na san salati take yi. Ta rufe shi ta miƙa wa mijinta, don shi ne mai jin yaren Malay, shi zai yi musu bayani. Ya karanta sunan da ƙarfi, da sunan Abba a ƙarshe, sai muryarsa ta tsaya. A ranar ya fara ɗaga kai ya kalle ni.

Sashen maza aka kai ni. Wata nas ta duba takarda ta dube ni, ta tura gadona can ƙarshe jikin bango ta ja labule. An cire min ɗankwali don a ɗaura abin numfashi, kitsona a waje, 'yan kunnena a waje. Tsofaffi na tari a kowane gefe, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne in na mutu a nan da wane suna za a yi min salla, kuma wa zai kai labarin gida, ya ce me ya gani.

Da na ɗan farfaɗo na tarar da saƙon murya daga maƙwabciya. Ba tsokana a ciki. Ta ce malam ya gane Abba, rumfar Abba layi ɗaya take da ta yayan malam a kasuwar atamfa. Ta ce ta roƙe shi ya dakata, ya ce ba zai yiwu ɗan mutane ya kwanta rai a hannun Allah a ƙasar wasu ba a sanar da iyayensa ba, hakki ne a wuyansa, in wani abu ya faru da wane ido zai kalli Abba. Ya kira. Ta rantse ciwon kaɗai ya faɗa. Ta ƙare da cewa Allah ya ba ni lafiya, ba ta ce ƙanwata ba.

Na san malam bai yi don ya tona ni ba. Abin da kowane mutumin kirki na garinmu zai yi ya yi, shi ya sa na rasa wanda zan tsine wa. Na kwanta da wayar a kan cikina ina jira.

Da hantsi ta yi ƙara. Lambar Umma ce, amma kiran fuska ne, wani ya nuna mata yadda ake yi. Na bari ya katse. Ya sake shigowa. Na tuna tana can ba ta san ko ina da rai ba, na ga ba zan iya yi mata haka ba. Na nemi abin da zan rufe kaina ban samu ba, hannuna ɗaya da ƙarin ruwa. Na danna.

Fuskarta ta cika wayar, ta riƙe ta kusa da hanci kamar mai duba tsabar shinkafa. Idanunta sun kumbura. Ta buɗe baki za ta kira sunana, sai ta tsaya. Ina ganin idonta yana tafiya daga kitson zuwa kunnena, zuwa girata, ya sauka inda rigar asibiti ta kwanta a ƙirjina. Daga bayanta na ji muryar Abba.

"Ya ɗauka? Ba ni shi nan in gan shi."

Hoton ya juya, ya yi duhu, sai zanen atamfarta kawai nake gani. Ta kifa wayar a ƙirjinta.

"Hoton ya ɗauke, Alhaji, sai murya. Yi masa magana daga nan, yana jin ka."

Abba ya yi min addu'a mai tsawo, muryarsa na rawa, abin da ban taɓa ji ba. Na tattaro ɗan numfashin da ya rage min na kaurara murya ina cewa amin. Ya ce in an buɗe hanya in taho gida in huta, karatu ba ya gudu. Sannan na ji takun Umma tana fita tsakar gida, na ji ƙarar ƙyauren ɗakin girki. Ba ta sake ɗago wayar ta kalle ni ba, a kunne ta kara ta, ta yi ƙasa da murya.

"Ka sha magani, ka ci abinci. Kuma ka ji ni da kyau. Ko an buɗe hanya kada ka zo. Zan san abin da zan gaya masa."

Na ce, "Umma."

"Na ce kada ka zo."

Ta kashe. Na warke, an buɗe hanya, jirage suna ta tashi. Tana kira duk Juma'a kamar da, ta tambayi lafiyata da abin da na ci, in amsa da muryar da ta sani. Ban tambaye ta ba ko kare ni take yi ko korata ta yi, don ina tsoron amsar. Har yau ba ta ce in zo ba.