Nonon da Ba a Damawa

Shekara uku ke nan da rasuwar Nani Rahima, tsohuwar Ba'indiyar da muke ƙofa da ƙofa da ita a unguwar Cheras. Tun kafin in san ta, tun ranar da karatun maigida ya kawo mu ƙasar nan ta Malayawa, fargabata ɗaya ce: kada wata ta fi ni shiga ran 'yata Hauwa. Na zaci malamar makaranta ce za ta ƙwace min ita. Ashe tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ɗan kaskon ƙasa.

Mishti doi suke ce wa nonon da take yi a kaskon. Ta kan dafa madara har ta ja baya, ta ƙona sukari ya yi ja, ta bari ya huce, ta sa cokalin tsohon nono, ta juye a kasko ta naɗe da tawul. Ranar da ta fara miƙo mana, na ga nono ya yi kauri, sai na ƙara ruwa na dama da ludayi kamar kowace Bahaushiya. Nani ta dafe ƙirji. "Jangan kacau!" in ji ta. Da Malayanci wai kada a dama, kuma wai kada a dami mutum.

Daga nan Hauwa ta tare a gidanta. Furar da nake wahalar neman geronta a kasuwar Chow Kit sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Ina jiyo dariyarsu ta bango, ni ina wanke kwanon da ba a ci ba. Nani ta riƙe ni kamar 'yarta, ita ta yi jinyata da na haihu. Duk da haka kishin bai tafi ba, ko kabari bai raba ni da shi ba.

Jiya Hauwa ta kunna wuta da kanta, ta ce za ta yi na Nani. Na miƙa hannu in taya ta, ta ce, "Mama, ke dai zauna, ba haka take yi ba." Da Nani tana raye, na san dariya za ta yi, ta ce yarinya ta iya. Ni kuwa na koma kujera. Nonon ya yi daɗi, wallahi. Abin da ya fi min ciwo ke nan.

Ku yi wa Nani addu'a, Allah ya jiƙan ta. Ni ma ku sa ni ciki: Allah ya sa akwai abu ɗaya na hannuna da yarinyar nan za ta hana a taɓa bayan ba ni.