Ƙwaryar Kaka a Tagar Maƙwabta

Duk lokacin da ganye ya fara zuba a London, akwai wani wari da ke tare ni a hanya. Warin tuffa ne, wadda ta faɗo daga bishiya ta daɗe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa har ta fara tsami. Wasu kan toshe hanci su wuce. Ni kuwa da na shaƙe shi sai in ji wani abu ya taso mini, kuma na san sunansa sarai. Kishi ne. Ka yi dariya in ka ga dama, mai karatu, amma mace ce ni da 'yata ta kusa kamo ni tsawo, har yau ina kishi da wata yarinya Baturiya da muka yi maƙwabtaka da ita muna ƙanana.

A wata unguwa can bayan Edmonton na girma, kusa da inda bas ke juyawa ya koma gari. Gidajen duk iri ɗaya ne, biyu-biyu manne da juna, kowanne da ɗan fili a baya da shingen katako. Babana likita ne, ba shi da lokacin yankan ciyawa, don haka ya sa aka malale filinmu da siminti. A gidan akwai shi, da Mama, da ni, sai Kaka, mahaifiyarsa, wadda ya ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar kakana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara. A ɗakina take kwana, kuma duk kayana ƙamshin man kaɗanyarta suke yi.

Ina firamare sababbin maƙwabta suka tare a gidan da ke manne da namu. Washegari uwar gidan ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da farantin burodin da ta gasa da kanta. Bayan gaisuwa, ba tare da an tambaye ta ba, ta gaya wa Mama cewa su 'yan addinin Wika ne. Ta ce suna girmama ƙasa da wata da sauyawar lokutan shekara, za mu riƙa ganin kyandir da jin waƙa a bayan gida, in hayaƙi ya dame mu mu yi magana. Mama ta karɓi farantin da fara'a, ta yi godiya, ta rufe ƙofa. Sannan ta jingina da bango ta karanto duk addu'ar neman tsari da ta sani. Burodin nan bai kwana a gidanmu ba.

Su dai ba su ɓoye komai ba. Sun rataye tauraro mai kusurwa biyar a ƙofar gida, sun jera ɗaurin busassun ganyaye a tagar kicin da ke kallon titi. 'Yarsu sa'ata ce, ajinmu ɗaya. Ranar da malama ta ce kowa ya faɗi abin da gidansu ke bi, yarinyar nan ta miƙe ta yi bayani tiryan-tiryan, har da nuna sarƙar wuyanta. Yara suka yi ta yi mata ihun mayya a filin wasa, ita kuwa ko a jikinta. Wasu a layinmu suka daina gaishe su. An taɓa jifar ƙofarsu da ƙwai, uwar ta fito da bokiti da rana tsaka tana wankewa tana gaida masu wucewa. Na tsaya a taga ina kallonta, kuma ba tausayi na ji ba. Ƙyashi na ji, don su ko abin kunyarsu a bainar jama'a suke wanke shi.

Mu namu a ƙasan akwati yake. Kaka ba ta wasa da salla, azumin nafila ma ta fi kowa yi a gidan, amma a gidan bori aka haife ta, uwarta kuma ita ke girka masu iska a ƙauyensu. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. A guntayen hirar manya na tsinta, irin wadda ake katsewa in yaro ya shigo. Na kuma ji cewa kafin Baba ya kawo ta sai da ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah abin nan a bar shi a gida." Ta yi masa alkawari ba za ta yi a gidansa ba, ba kuma za ta koya wa abin da ya haifa ba. Abu ɗaya ta taho da shi, wata 'yar ƙwarya tsohuwa da ta taɓa tsagewa aka ɗinke ta. Cewa ta yi ta damun fura ce, amma ban taɓa ganin fura a cikinta ba, kullum tana ƙarƙashin zannuwa.

Kada ka ga laifin Baba. Hausawan London ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Maganar da aka yi a wajen suna a Woolwich takan isa Kano tun shinkafar ba ta huce ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Da sanyi ya ja baya, bishiyar tuffar maƙwabta ta yi fure fari fat, sai Kaka ta fara shimfiɗa tabarma a kan simintinmu tana shan rana. Wata ranar Asabar ina gefenta, muka ji motsi a bayan shinge. Kaka ta miƙe ta leƙa. Uwar yarinyar ce ke zuba madara a gindin bishiyar daga kwalba. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ja tsaki ta ce, "Haba baiwar Allah, ai ba haka ake yi ba. Kin kwarara kamar mai zubar da ruwan wanke-wanke." Matar ba ta jin Hausa, Kaka ba ta jin Turanci, amma sai ga su suna ta nuni da hannu suna dariya. Ni na ɗauka a nan abin ya ƙare.

Ashe farawa ne. Daga nan, in Baba yana asibiti, Mama kuma ta tafi sayayya, sai Kaka ta ɗaga zannuwanta ta zaro ƙwaryar, ta sa a ƙarƙashin mayafi ta zaga gidan maƙwabta. Ni takan ce in zauna in yi karatuna. Ina jin ƙarar ƙofa nake rugawa tagar bene. Daga can ina ganin komai. Kaka takan sa yarinyar ta cire takalmi, ta durƙusa, ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu. Ba a zubawa gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, a jira ƙasa ta shanye kafin a ƙara. Kaka na dafe da kafaɗarta tana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, ana roƙon iskoki masu wurin su karɓi nono su bar gida lafiya. Yarinyar kuwa da ƙarfi take maimaitawa, da karkatacciyar Hausarta, kamar mai kiran wani a ƙetaren titi. Sai Kaka ta tuntsire da dariya har mayafinta ya zame. Ban taɓa jin wannan dariyar a cikin gidanmu ba.

Na cika na batse. Ni ce ke jin ma'anar kowace kalma, ni ce mai sunanta, ni ce take tasa da asuba in zuba mata ruwan ɗumi a buta. Amma kafaɗar wata take dafawa. Na daina yi wa yarinyar magana a makaranta, in ta zauna kusa da ni in ja kujerata. Ita ba ta ma gane ba. Wata rana a filin wasa ta ƙwala mini kira daga nesa tana cewa kakata ta koya mata sabuwar waƙa. Ga shi kuwa a ajin gaba da mu akwai 'yar aminiyar Mama. Na je da gudu na toshe mata baki. Ta cire hannuna ta tambaye ni ko waƙar mummuna ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaske take tambaya, ba ta san yadda mutum ke jin tsoron abin gidansu ba.

Sai da Kaka ta zaunar da ni kitso na samu bakin magana, tunda ba na ganin fuskarta.

"Kaka, ni ce takwararki ko ita?"

"Ke ce mana, uwar 'yan kishi. Gyara kanki."

"To me ya sa ita kike koya wa?"

Hannunta ya tsaya a kaina. Ta ce, "Na yi wa ubanki alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Kuma ita in an ji, ƙwai za a jefa musu, ruwa ya wanke. Ke in an ji, takwara, babu sabulun da zai wanke ki. Ranar da za a zo neman aurenki sai an tono shi."

"To ki daina koya mata," na ce.

"In mutu da shi a bakina ke nan?" Ta ci gaba da kitsonta, ta ja gashina fiye da yadda ta saba.

Na tabbata Baba ya sani. Wata la'asar ya dawo da wuri don an soke aikin da zai yi, ya tsaya a kicin daidai lokacin da muryar yarinyar ke tsallako shinge. Na gan shi daga matakala. Sai ya buɗe famfo da ƙarfi ya yi alwala. Da Kaka ta dawo ya gaishe ta kamar kullum. Ba a gidansa aka yi ba, ba kuma 'yarsa aka koya wa ba, don haka ba shi da ta cewa. Ni kaɗai ce wannan alkawarin ya ci.

A wani hunturu mai tsanani Kaka ta rasu, ina sakandare. Maƙwabtanmu suka shigo ta'aziyya, uwa da 'ya, sun yafa gyale, suka zauna cikin mata. Na ga matan unguwa suna tattare bakin zani suna matsawa. Yarinyar ta yi kuka har da shassheƙa, ni kuwa har kukan nata haushi ya ba ni, kamar tana cin rabona. Bayan an watse na buɗe akwatin Kaka na ɗaga zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaryar ba ta nan. Da na fita zubar da shara na gan ta a tagar kicin ɗinsu, tsakanin busassun ganyaye, tana kallon titi, ɗinkin nan nata a waje kowa na gani. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu abubuwa sun sauya, ko in ce sun sauya musu. Ba mai jifar ƙofarsu. Har gayyatar uwar ake yi ta yi magana in ana taron mabiya addinai a unguwa, kuma Mama da kanta takan karɓi zumarsu in tari ya kama ta. Ni na yi aure ina zaune a Woolwich. Dangin mijina abin da suka sani game da Kaka shi ne tsohuwa ce mai yawan ibada, kuma gaskiya ne. Ba kuma cewa nake ina son zuba nono a gindin bishiya ba. Imanina yana nan inda yake, ba na neman ƙari. Ba waƙar ce ke cina ba sosai, tagar nan tasu ce, inda ake ajiye abu kowa na gani.

Bana, lokacin da tuffa ke faɗowa, na kai 'yata gaida su Baba. Yarinyar nan, wadda yanzu ita ma uwa ce, ita ke riƙe da gidansu. Muna tsaye a kan simintinmu sai waƙar ta tsallako shinge da wata ƙaramar murya, ta 'yarta. Kalmomin sun ƙara karkacewa, amma karin na Kaka ne sak. 'Yata ta zaro ido ta ce, "Mummy, that's Hausa! Me take cewa?" Kafin in buɗe baki sai da na waiga na dubi tagar Mama, kuma da raɗa na ce mata tsohuwar waƙa ce ta ƙauye.

Maƙwabciyar ta ji muryar 'yata ta zo bakin shinge. Muka gaisa, ta ce in jira, ta shiga ciki ta fito da ƙwaryar a hannu biyu, yadda aka koya mata. Ta ce tun tuni take son ba ni, tawa ce, ai ta kakata ce. Na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, cikinta na ƙamshin tsohuwar madara. Shekara da shekaru ina son in riƙe ta, ga ta a hannuna. Sai na fara zagaya gidana a zuci ina neman inda zan ajiye ta. Falo, surukata na zuwa. Kicin, ƙawayena na shiga. Ɗakin 'yata, za ta tambaya, ta kuma faɗa a Islamiyya. Duk inda na duba, wuri ɗaya ne ya rage, ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa.

Na miƙa mata ta kan shinge. Na ce ta mayar da ita taga, inda rana ke samunta.