Layukan da Na Tsallake

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba, a shekarata ta biyu a wani ɗakin adana tsoffin takardu kusa da garin Upper Marlboro. Lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne. Aikina in kwafe rajistocin da aka rubuta da hannu in shigar a kwamfuta, yadda mai bincike zai buga suna kawai ya samu.

Cikin abin da na kwafa har da littafin jami'in binciken gawa, kan wani jirgin fito da ya kama wuta a tsakiyar kogi a ƙarni na sha tara. Fasinjoji fararen fata an rubuta su da suna da gari. Baƙaƙen fata kuwa, yawanci siffarsu kawai aka rubuta. Manhajarmu ba ta karɓar layi sai an cike gurbin suna. Ni kuma gwanin gama aiki da wuri, sai na riƙa tsallake su.

A wannan Talatar wata tsohuwa ta zo tana dogara sanda, tun daga Woodbridge. Kakar kakarta ta hau jirgin nan ba ta dawo ba, tana son sanin inda aka binne ta kafin ita ma lokacinta ya yi. Na buga sunan, babu. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba ta cikin rajista."

Har ta juya, sai shugabar sashenmu ta ce, "Sani, layi nawa ne a littafin, nawa ka shigar?"

Dole na amsa cewa na tsallake wasu.

Ta sa na ɗauko littafin, ta tambayi tsohuwar ko an taɓa faɗa mata wata alama. Ta ce a danginsu ana cewa matar ba ta rabuwa da mabuɗin ɗakinta, a wuya take rataye shi. Muka bi layukan da na tsallake ɗaya bayan ɗaya. Ga shi nan: mace, baƙar fata, mabuɗi a wuya da igiya, an binne ta a wata gona a gaɓar kogi, ga sunan gonar.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ce a sake karanta mata, ta rubuta sunan gonar a bayan wata ambulan.

Ba a ba ni takardar gargaɗi ba, amma na ji kunya ƙwarai. Mako uku na yi ina sake shigar da littafin, ina rubuta "ba a san suna ba" a kowane gurbi.

Shi ya sa nake matsa muku, ku sababbin ma'aikata, kan ƙirga layi kafin ku rufe littafi. Wancan jami'in bai rubuta sunayensu ba, amma ya bar musu layi. Ni na zo bayan shekara fiye da ɗari na kusa hana su layin ma.